Tsohuwar Kwamfuta da Manhajar Linux

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne in ba ku labarin wata tsohuwar kwamfuta da aka yar, da yadda ta koma bakin aiki a gidanmu da ke Argungu, da kuma abin da na koya game da wata manhaja da ake kira Linux. Ina fata duk wanda ya karanta zai tsinci abin da zai amfane shi, musamman mu 'yan aji biyar da 'yan aji shida, waɗanda jarrabawar shiga jami'a ke jira a bakin ƙofa.

Bari in fara da abin da ya tayar mini da hankali. Yayana wanda nake bi yaro ne mai ƙwazo, tun yana firamare bai taɓa wuce na biyar a ajinsu ba. A shekarar 2025 ya zo nan Birnin Kebbi domin rubuta jarrabawar JAMB. Littattafai ya karanta su har sun yage, amma a duk tsawon rayuwarsa sau biyu tak ya taɓa zama gaban kwamfuta. Da aka fara jarrabawa sai hannunsa ya kama rawa a kan linzami. Can ya danna wani wuri bisa kuskure, allon ya sauya, shi kuwa ya ɗauka duk amsoshinsa sun goge. Ya zauna zuciya na dukan uku-uku, kafin ya dawo hayyacinsa lokaci ya ci rabi. Ya fito ya bar tambayoyi da yawa waɗanda ya san amsarsu sarai. Makin da ya samu bai kai shi inda yake so ba, dole ya koma fadama yana taya Baba noman shinkafa.

Ba laifin kowa ba ne, rashin sabo ne. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina ta takarda gaba ɗaya. Tambayoyi 180 ake amsawa cikin awa 2, wato in ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 ke gare ta. A 2024 ita ma hukumar WAEC ta fara amfani da kwamfuta ga masu rubuta jarrabawa a ƙashin kansu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ranar da na ga Yaya ya dawo gida ya kasa cin tuwo na ƙudura a raina sai na san yadda zan yi kwamfuta ta shigo gidanmu, alhali kuwa na san Baba ba shi da kuɗin sabuwa.

Abin da na gani a shagon Kawu

A hutun watan Disamba na wannan shekarar, kafin in wuce gida, na yi mako guda wurin Kawuna, ƙanen mahaifiyata. Ya yi karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, yanzu kuma yana da shagon gyaran kwamfuta a cikin gari. A ƙarƙashin teburinsa na ga kwamfutocin cinya kusan goma an jibge su, ƙura ta rufe su. Na ce, "Kawu, waɗannan duk sun mutu ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mafi yawansu lafiyarsu lau. Masu su ne suka gaji da su. Wasu sun ce sun yi nauyi, wasu kuma an gaya musu zamaninsu ya wuce."

Daga nan ya yi mini bayani. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da ita. Ƙarfen da robar da muke gani kamar kwalekwale ne a bakin Matan Fada, babbar manhaja ita ce matuƙin, sauran ƙananan manhajoji kuwa, na rubutu da na lissafi da na kallo, su ne fasinja. Komai kyan kwalekwale, in babu matuƙi ba ya zuwa ko'ina. Matuƙin da muka fi sani a ƙasar nan shi ne Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka. To, a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin ya rufe wa'adin kula da Windows 10, sai dai ya ba da ƙarin shekara ɗaya, zuwa Oktoba 2026, ga wanda ya yi rajista ta musamman. Ma'anar rufe wa'adi ita ce, in ɓarayin intanet suka gano wata kafa a jikin manhajar, babu mai zuwa ya toshe. Magajiyarta kuwa, Windows 11, tana da sharuɗɗa, ciki har da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwa ta baya-bayan nan. Yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 ba su cika sharuɗɗan ba. Su ne kuwa irin waɗanda ake kawo mana kwance daga Turai, su ne ke cike da ofisoshinmu da makarantunmu.

Na ce, "To Kawu, shi ke nan sai a zubar?"

Ya ce, "In matuƙi ya yi murabus, ai ba a fasa kwalekwale. Wani matuƙin ake nema." Sai ya zaro wani ɗan filash daga aljihu, ya soka a jikin ɗaya daga cikinsu, ya kunna. Kafin in gama shan ruwan da ke hannuna allo ya haska, ga komai tsaf, tana gudu kamar sabuwa. Ya ce, "Wannan ita ce Linux."

Asalin Linux

Daga baya na bi diddigin tarihinta, kuma na sami wani abu da ya ba ni mamaki. A ranar 25 ga Agusta, 1991, wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya aika saƙo ga masu sha'awar kwamfuta cewa yana rubuta wata babbar manhaja domin nishaɗi kawai, yana neman shawararsu. Bayan kwana biyu, ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Ashe ke nan Linux da jiharmu tsara ne, ba a ko kwana uku tsakaninsu.

Amma kafin Torvalds akwai wanda ya share fili. A 1983 wani masani Ba'amurke, Richard Stallman, ya kafa wani shiri mai suna GNU, da nufin samar da manhajar da kowa zai yi amfani da ita ba tare da an ɗaure masa hannu ba. Shi da abokan aikinsa sun rubuta kayan aiki masu yawa, abin da ya rage musu shi ne zuciyar manhajar, wato sashen da ke magana kai tsaye da ƙarfen kwamfuta. Wannan zuciyar ce Torvalds ya samar. A 1992 ya sanya ta ƙarƙashin lasisin da Stallman ya tsara, mai suna GPL, aka haɗa biyun suka zama cikakkiyar manhaja. Shi ya sa wasu ke kiranta GNU/Linux.

Me ake nufi da buɗaɗɗiyar manhaja?

Kowace manhaja mutane ne suka zauna suka rubuta ta, layi bayan layi, da wani harshe na umarni. Wannan shi ne asalin rubutun manhaja. Kamfanoni da yawa suna ɓoye nasu, su sayar maka da izinin amfani kawai. Ku ɗauka Baba ya sayi injin ban ruwa domin noman rani, amma aka kawo shi a liƙe da walda, aka ce in ya lalace ba shi da ikon buɗewa, bakanikin unguwa ma ba shi da iko, kuma haramun ne ya ara wa maƙwabcinsa. Haka rufaffiyar manhaja take. Buɗaɗɗiya kuwa ita ce injin da aka ba ka tare da sifana da takardar da ke nuna inda kowane ƙusa yake.

Stallman ya lissafa 'yanci huɗu da irin wannan manhaja ke bayarwa. Na farko, ka yi amfani da ita a kan duk aikin da ka ga dama. Na biyu, ka duba cikinta ka ga yadda take aiki, ka gyara ta dace da bukatarka. Na uku, ka kwafa ka ba wani. Na huɗu, in ka inganta ta ka raba wa jama'a gyaran da ka yi. Lasisin GPL ya ƙara da sharaɗi guda: wanda ya karɓa ya gyara kuma ya raba, dole ya bar ta a buɗe kamar yadda ya same ta.

Wannan yana da muhimmanci gare mu. Kowa ya san yawancin Windows ɗin da ake ɗora wa mutane a kasuwa ta bayan fage aka kwafo ta, ba a biya masu ita ba, sau da yawa kuma tana zuwa da cuta a jikinta. Ita Linux masu ita ne da kansu suka ce a kwafa a raba, saboda haka wanda ya ba abokinsa bai ci haƙƙin kowa ba.

Da na je gida na yi wa Kakana wannan bayani, cewa dubban mutane ne daga ƙasashe daban-daban ke aikin, wasu kamfanoni ke biyansu, wasu kuma sa kai suke yi, kuma amfanin na kowa ne. Tsohon ya yi shiru yana gyaran homarsa ta su, can ya ce, "Ashe wanga abu naku gayya ce. Mu ma haka munka taso, a tashi a nome gonar wane yau, gobe a koma ta wane." Ban taɓa jin wanda ya fassara abin da kyau kamarsa ba.

Kada wani ya ɗauka abin kyauta ne saboda haka ba shi da ƙarko. Duk mai wayar Android yana yawo da Linux a aljihu, domin a kan zuciyar Linux aka gina ta tun fitowarta a 2008. Tun daga watan Nuwamba na 2017, kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya dukkansu da Linux suke aiki. Wikipedia, har da sashenta na Hausa, a kan Linux take zaune. Jihar Kerala ta ƙasar Indiya ta daɗe da mayar da makarantun gwamnatinta kan Linux, kuma a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da shirin mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 kan buɗaɗɗun manhajoji. A nan gida ma, ƙananan kwamfutocin nan masu launin kore da fari da aka gwada raba wa yara a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007, Linux ce a cikinsu.

Wace iri za a zaɓa?

Tun da kowa yana da ikon gyarawa, sai Linux ta zama iri-iri, kamar yadda shinkafa take iri-iri a fadamarmu, wata mai saurin nuna, wata mai jure ruwa. Debian tana cikin tsofaffi, an fara ta a 1993, kuma ta fitar da zubi na 13 a watan Agusta na 2025. Daga jikinta aka samar da Ubuntu a 2004, bisa jagorancin wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth. Kalmar ubuntu daga harsunan Zulu da Kosa take, ma'anarta kusa da abin da muke kira mutuntaka. Daga Ubuntu kuma aka samar da Linux Mint a 2006.

Kawu ya ce ga mai koyo babu kamar Mint, domin fuskarta ta yi kama da ta Windows, mutum ba zai yi baƙunta ba. Tana da zubi uku, Cinnamon da MATE da Xfce, na ƙarshen shi ya fi sauƙin nauyi. Abin da take bukata shi ne gigabait 2 na ram, ko da yake 4 ya fi daɗi, da fili gigabait 20 a faifan ajiya. Ram shi ne kamar faɗin teburin da kwamfuta ke baza aikinta a kai, faifan ajiya kuwa shi ne rumbu. In kwamfutar ta tsufa ainun har Mint ta ƙi hawa, akwai wasu ƙanana irin su antiX da aka yi domin irinta.

Yadda muka ɗora ta

Kawu ya zaɓi wata mai ram gigabait 4 wadda mai ita ya sayar masa a matsayin kayan gyara, ya ce in ni da kaina na tashe ta, ta zama tawa. Ga matakan da muka bi.

Da farko mun sauke Mint daga shafinta na asali a intanet. Nauyinta ya kusa gigabait 3, saboda haka a yi dabara: mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafa daga wurinsa, filash ɗaya ya isa aji guda. Na biyu, mun rubuta ta a kan filash mai gigabait 8 da wata ƙaramar manhaja mai suna Rufus. A lura, wannan aiki yana share duk abin da ke kan filash ɗin. Na uku, mun kashe kwamfutar, muka soka filash, muka kunna muna danna maɓallin da ke ba da zaɓin inda za ta tashi. A yawancin HP maɓallin F9 ne, a Dell da Lenovo kuwa F12.

Na huɗu shi ne abin da ya fi burge ni. Linux tana tashi daga kan filash ba tare da ta taɓa komai na cikin kwamfutar ba. Mutum zai iya gwada sauti da madannai da intanet da firinta, in bai gamsu ba ya zare filash, komai ya koma yadda yake. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Na biyar, in an gamsu sai a danna alamar ɗorawa. Za ta tambayi harshe da gari da suna da kalmar sirri, sannan ta yi babbar tambaya: a ajiye ta kusa da Windows ne, ko a share faifan duka?

A kan wannan tambaya na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa, kuma zan faɗa domin in kunne ya ji jiki ya tsira. Bayan na tashi tawa, sai kaina ya kumbura. Da na isa Argungu, wani ɗan baffana ya kawo mini tasa ya ce ta yi nauyi. Ban tambaye shi abin da ke ciki ba, na zaɓi a share duka. Ashe hotunan bikin yayarsa da rubutun aikinsa na kwaleji na wata uku suna ciki, ba su kuma da kwafi a ko'ina. Kawu ya yi iya ƙoƙarinsa ya ceto kaɗan daga hotunan, rubutun kuwa ya tafi. Sai da Baba ya sa baki kafin ɗan'uwan nawa ya sake yi mini magana, ni kuma na kwashe sauran hutun ina taya shi sake buga aikin. Don haka dokar farko ita ce, kafin ka taɓa faifan kowa, kwashe duk abin da ke ciki zuwa wani wuri, ka buɗe kwafin ka tabbata ya kwafu, sannan ka nemi izinin mai shi a fili.

Abin da ke cikinta

Da an gama ɗorawa za a tarar da kayan aiki a shirye. Akwai LibreOffice, wadda aka fara a 2010, mai sashen rubuta wasiƙa da na jadawalin lissafi da na gabatar da jawabi, kuma tana buɗe takardun Word da Excel. Akwai Firefox domin shiga intanet. Sauran kuma ana ɗauko su daga rumbun manhajoji da ke cikinta, kyauta, ba sai an bi shafukan da ba a sani ba. Ga waɗanda na ga sun fi amfanar ɗalibi.

Klavaro da Tux Typing suna koyar da buga rubutu da yatsu goma. GCompris na ƙannenmu ne, tana koya musu riƙe linzami da ƙirga ta hanyar wasa. Kalzium tana nuna jadawalin sinadarai ga 'yan ajin kimiyya. Stellarium tana nuna taurari, na taɓa sa mata Argungu, ta nuna mini Zara da Kaza da 'Ya'yanta daidai inda suke bisa rufin gidanmu. Kiwix kuwa, wadda aka fara a 2007, tana ba mutum damar sauke Wikipedia sau ɗaya ya riƙa karantawa ba tare da intanet ba. Ga wanda kuɗin data ke yi wa wuya, wannan laburare ne a cikin jaka.

Akwai kuma abin da ya shafi harshenmu. Sau nawa muke ganin an rubuta ƙasa kamar kasa, ko ɓata kamar bata, saboda babu haruffa masu lanƙwasa? A cikin Linux, in ka shiga wurin saita madannai, za ka sami tsarin Hausa na Nijeriya a jere da na sauran harsuna. Da ka zaɓe shi za ka iya buga ɓ da ɗ da ƙ. Wannan maƙala ma da shi na buga ta.

Inda take da rauni

Ba zan ɓoye muku ba, ba kowane aiki take yi ba. Microsoft Office da CorelDRAW da Photoshop ba a yi su domin Linux ba. Akwai madadinsu, Inkscape domin zane da GIMP domin gyaran hoto, amma wanda zai nemi aiki a shagon buga katin biki inda kowa ke amfani da CorelDRAW, dole ya koyi abin da ake yi a can. Wani lokaci takardar da aka tsara a Word takan ɗan goce in an buɗe ta a LibreOffice, maganin wannan shi ne a mayar da ita PDF kafin a kai wurin bugawa. Wasu firintoci da wasu na'urorin kama intanet sukan yi gardama, abin da ya sa gwaji daga kan filash ya zama wajibi. Haka kuma yawancin manhajojin gwajin JAMB da ake sayarwa domin Windows da Android aka yi su. Akwai wata mai suna Wine da kan sa wasunsu su yi aiki, amma ba duka ba. Mu dai abin da muke yi shi ne amfani da shafukan gwaji ta Firefox, mu jona wayar Yaya da kwamfutar da igiyar caji ta ba ta intanet.

Kuma Linux ba laya ba ce. Gaskiya ne cutar nan da ke bin filash tana ɓoye wa mutane takardu ba ta kama ta, domin an yi ta ne saboda Windows. Amma wanda ya ba ɗan damfara kalmar sirrinsa ko lambar katin bankinsa, babu manhajar da za ta cece shi.

Shawarwari ga mai farawa

Na ɗaya, a riƙa sabunta ta. Mint tana nuna wata alama mai kama da garkuwa a ƙasan allo in akwai gyara. Wanda ya fi son tagar umarni sai ya rubuta sudo apt update, sannan sudo apt upgrade. Na biyu, kada ka kwafi umarni daga intanet ka zuba alhali ba ka san aikinsa ba, musamman wanda ya fara da sudo, domin wannan kalma tana ba da cikakken iko, har na rushe komai. Na uku, a kunna Timeshift, wadda ke ajiye hoton yadda manhajar take, in an yi ɓarna a koma baya. Amma ita ba ta ajiye takardunka, su sai ka kwafa da kanka.

Na huɗu ya shafi ƙasarmu. Zafin watan Maris da Afrilu a kwarin Rima yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu. Kada a ɗora kwamfuta a kan katifa ko tabarma mai ƙura, a sa ta bisa katako domin iska ta shiga ta ƙasa, a rufe ta da ƙyalle in an gama, a kai ta a hure fankarta ko sau ɗaya a shekara. Na biyar, tun da wuta ba ta da tabbas, kuma batirin tsohuwar kwamfuta ba ya daɗewa, ka saba da danna Ctrl da S bayan kowane sakin layi. Na shida, matambayi ba ya ɓata. In ka maƙale, rubuta ainihin saƙon da allo ya nuna ka kai wa malami ko wanda ya fi ka sani.

Namu rabon aikin

Mai zuwa gayya ba ya zuwa cin tuwo kaɗai, da fartanyarsa yake tafiya. Ba sai mun iya rubuta manhaja za mu taimaka ba. Gidauniyar Mozilla tana da wani shiri mai suna Common Voice, inda mutane ke karanta jimloli da muryarsu domin a koya wa na'ura jin harsuna, kuma Hausa ta shiga cikin tarin muryoyinsa a 2021. Wikipedia ta Hausa tana bukatar masu rubutu. Wa ya fi mu sanin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a tsarinsa na yanzu a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016? Wa ya fi mu sanin tarihin Kanta da Gwandu? Manhajoji da yawa kuma suna jiran wanda zai fassara su zuwa Hausa. In ba mu yi ba, wa zai yi mana?

Yanzu kwamfutar tana ɗakin Yaya. Kullum bayan sallar isha'i, in ya dawo daga fadama ya yi wanka, yakan yi rabin awa a kan Klavaro, sannan ya sa agogo ya amsa tambayoyin gwaji. Ya gano ma cewa a jarrabawar ana iya zaɓar amsa da maɓallan A, B, C da D, a ci gaba da N, a koma baya da P, ba sai an dogara da linzami ba. Ƙannenmu mata biyu su ma sun iya kunnawa da kashewa, har suna rigima a kan wa zai fara. Yaya yana shirin sake zama, ina roƙonku ku sa shi a addu'a.

Daga ƙarshe, ina miƙa roƙo cikin ladabi ga Shugaban makaranta da Malaminmu na kwamfuta. In akwai tsofaffin kwamfutoci a sito waɗanda aka fid da rai da su, a ba mu izini mu gwada su da filash a gaban Malam, tun da gwajin ba ya ɓata komai. Ko biyar suka tashi, ɗalibai da yawa za su sami inda za su saba hannunsu kafin ranar jarrabawa. Ku kuma 'yan'uwa, in kun je hutu ku duba gida da ofishin iyaye, wataƙila akwai wadda ke kwance ƙarƙashin gado. Filash ɗina yana nan, duk mai so ya same ni bayan karatun yamma in kwafa masa.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu ci jarrabawarmu, amin.